Mutum Nawa Ne Suka Bi Yarima Charles? Fashin Baƙi Kan Rundunar Tawayen Sikotlan ta 1745

Duk wanda ya nemi sanin yawan mayaƙan da suka yi tawaye a Sikotlan a shekarar 1745 zai ci karo da alƙaluma masu saɓa wa juna. Wani zai ce 1,200 ne, wani ya ce 5,500, wani ya ce 8,000, wani kuma ya kai su har 14,000. Kowanne daga cikinsu yana da hujja, domin kowane adadi yana magana ne a kan wani lokaci dabam. Rundunar ba ta taɓa tsayawa a kan yawa ɗaya na tsawon wata guda ba, kuma takan ragu bayan ta ci nasara kamar yadda take raguwa idan ta shiga wuya. Dalilin haka yana cikin yadda aka tara mutanen tun farko, saboda haka ba a iya raba maganar yawansu da maganar ko su wane ne.

Tushen rikicin gadon sarauta ne. A 1688 aka tumɓuke Sarki James na gidan Stuart, wanda ɗan Katolika ne, ya tsere zuwa Faransa. A 1707 aka haɗe majalisar dokokin Sikotlan da ta Ingila, a 1714 kuma sarautar Birtaniya ta koma hannun gidan Hanover na ƙasar Jamus. Masu neman a mayar da gidan Stuart kan gadon mulki, waɗanda tarihi ya sani da suna 'yan Jakobait, sun ɗauki makami a 1689 da 1715 da 1719 ba tare da sun cim ma burinsu ba. Yunƙurin 1745 shi ne na ƙarshe, kuma jikan sarkin da aka tumɓuke, Yarima Charles Edward Stuart, shi ya jagorance shi yana ɗan shekara 24, a daidai lokacin da mafi yawan sojojin Sarki George na biyu suke can nahiyar Turai suna fafatawa da Faransa. Ya sauka a tsibirin Eriskay ranar 23 ga Yuli tare da abokan tafiya bakwai. Jirgi na biyu da ya rako nasa, wanda ya ɗauko yawancin makamai da sojojin sa-kai, ya yi karo da jirgin yaƙin Birtaniya a kan teku, ya lalace, ya koma Faransa. Yariman ya iso kusan hannu rabbana, don haka duk rundunar da zai samu sai dai ta fito daga cikin ƙasar.

Gwamnati ta daɗe tana ƙidaya mazajen yankin tsaunuka na arewa da yammacin Sikotlan, inda ake magana da harshen Gelik kuma jama'a suke zaune zuriya-zuriya a ƙarƙashin shugabanninsu. A rahoton da Janar George Wade ya rubuta a 1724, ya ƙiyasta cewa akwai maza kimanin 22,000 da za su iya ɗaukar makami a yankin, 10,000 daga cikinsu a ƙarƙashin shugabanni masu biyayya ga gwamnati, sauran 12,000 kuwa mafi yawansu sun riga sun taɓa yin tawaye. Wani lissafi da ake dangantawa da Duncan Forbes, babban alƙalin Sikotlan a lokacin tawayen, ya kai adadin sama da 30,000, inda ya ba zuriyar Campbell ita kaɗai mutum 5,000, ya ba zuriyar Cameron 800. Waɗannan alƙaluma suna nuna abin da shugaba zai iya fitarwa idan ya kwashe kowane namiji mai lafiya daga gona da kiwo, abin da babu wanda ya taɓa yi. Sun kuma nuna cewa zuriya mafi girma a yankin, wato Campbell ta Argyll, tana bayan gwamnati, haka ma Sutherland da Mackay da Munro. Manyan shugabanni biyu na tsibirin Skye, MacDonald na Sleat da MacLeod, waɗanda Yariman ya ɗora wa rai, sun ƙi fitowa da suka ga bai zo da sojan Faransa ba, daga baya ma suka ba gwamnati mayaƙa. Forbes da kansa ya bi shugabanni yana rarrashi yana rarraba takardun muƙamin soja, har ya kafa kamfanonin soja 18 na mutanen tsaunuka masu yi wa Sarki George yaƙi.

Yadda shugaban zuriya yake tara mayaƙa shi ne ƙashin bayan wannan bayani. Ana yawan ɗauka cewa zuriya taron 'yan uwan jini ne da suka tashi saboda ƙaunar kakansu ɗaya, alhali abin da ya ɗaure yawancinsu shi ne ƙasa. Shugaba ne mai ƙasa, ko mai riƙonta daga hannun wani babba. Yakan yanka manyan yankuna ya ba 'yan uwansa na kusa haya ta shekaru masu yawa a kan kuɗi kaɗan, su kuma su rarraba wa ƙananan manoma, waɗanda a ƙarƙashinsu akwai barori da masu ƙodago marasa ko taki ɗaya na gona. Sharaɗin wannan zama, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, shi ne fita yaƙi idan an kira. Wanda ya san yadda hakimi yakan fito da mutanen ƙasarsa a da idan sarki ya yi shelar yaƙi zai gane tsarin nan da nan. Idan aka kafa bataliya, shugaba ko ɗansa ko ƙanensa shi ne kanar, manyan 'yan hayar nan su ne hafsoshi, manomansu kuma su ne dakaru, kowa yana tsaye a filin daga a bayan mutumin da yake biya wa haya. Jerin sunayen waɗanda aka kashe daga bataliyar Stewart ta Appin ya isa shaida: hafsoshin Stewart ne, amma talakawan da suka faɗi akasarinsu MacColl ne da MacLaren da Carmichael da Livingstone da MacIntyre.

Da yake haka abin yake, tilas ta shiga cikin ɗaukar mayaƙa fiye da yadda labaran jarumta suke yarda. Akwai shaidu masu yawa, musamman daga bakin fursunoni da limaman coci na yankunan, cewa an aika da mutane ƙauye-ƙauye suna barazanar ƙone gidaje da kwashe shanun duk wanda ya ƙi fita. An yi haka a ƙasar Cameron, an yi a ƙasar MacDonald na Keppoch, an kuma yi sosai a Atholl, inda mutane suka riƙa sulalewa gida ana sake koro su. A arewa maso gabas, Lord Lewis Gordon ya mayar da abin haraji tsagwaronsa: kowane mai ƙasa ya kawo mutum ɗaya da kayan yaƙinsa a kan kowane fam 100 na kuɗin Sikotlan da aka ƙiyasta ƙasarsa tana bayarwa, ko kuwa ya biya fam 5 na Ingila a madadinsa. Wasu masu hali suka yi hayar waɗanda za su je a maimakonsu. Dole a yi hattara da wannan shaida, domin fursunan da yake fuskantar igiyar rataya yana da kyakkyawan dalilin cewa tilasta masa aka yi, amma yawan ƙorafin da yadda ya fito daga wurare dabam-dabam sun sa ba a iya watsar da shi.

Su kansu shugabannin ba da ka suka faɗa ba. Donald Cameron na Lochiel, wanda in ba don shi ba da tawayen ya mutu tun a bakin teku, bai amince ba sai da Yariman ya ba shi tabbacin za a biya shi darajar ƙasarsa idan abin ya ɓaci. Gidaje da yawa sun raba ƙafa domin kada ƙasar gado ta salwanta: tsohon shugaba ya zauna a gida yana nuna biyayya ga gwamnati, ɗansa ko wani ɗan uwansa ya fita da mayaƙa. Haka MacDonald na Clanranald ya yi, haka MacDonald na Glengarry, haka Stewart na Appin, haka kuma Lord Lovat na zuriyar Fraser, ko da yake shi dabarar ba ta cece shi ba, domin an sare kansa a Landan a 1747. A gidan Atholl, William da George Murray suna wajen Yarima, ɗan uwansu James yana wajen gwamnati. Shugaban zuriyar Mackintosh hafsa ne a sojan Sarki George, matarsa Anne ce ta tara mazajen zuriyar ta tura wa Yarima a ƙarƙashin Alexander MacGillivray.

Ranar 19 ga Agusta aka kafa tutar tawaye a Glenfinnan, kuma kafin rana ta faɗi mutanen da suka hallara sun kai kimanin 1,200, kusan 700 daga cikinsu 'yan Cameron, sauran kuma rassan zuriyar MacDonald. A wannan mataki rundunar ta zuriyoyi ce zalla. Da suka gangaro Perth a farkon Satumba suka samu Lord George Murray da Duke na Perth, waɗanda suka zama manyan kwamandojinsu, suka shiga Edinbara ranar 17 ga wata, bayan kwana huɗu kuma suka tarwatsa sojan Janar John Cope a Prestonpans cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. A ranar sun kai kimanin 2,500, dawakansu kaɗan ne ƙwarai, kuma wasu daga cikinsu ba su da makami sai lauje da aka ɗaura a kan gora. Nasarar ta kawo bindigogi da kuɗi da sababbin mabiya, ta kuma kwashe wasu, domin mutumin da ya samu ganima burinsa ya kai ta gida, ga shi kuma lokacin girbi ne.

A makonni shida da Yariman ya yi a Edinbara ne kamannin rundunar suka sauya. Lord Ogilvy ya kawo bataliya daga Angus, Gordon na Glenbucket ya kawo tasa daga arewa maso gabas, John Roy Stewart ya ɗebi mutane daga unguwannin Edinbara, har da sojojin Cope da aka kama suka sauya sheƙa. Barade kuwa, kamar dogaran Yarima a ƙarƙashin Lord Elcho da mahayan Lord Pitsligo da na Lord Kilmarnock, kusan dukkansu 'ya'yan masu ƙasa ne na yankin fili tare da barorinsu. Waɗannan mutane ba Gelik suke ji ba, kuma ba su da shugaban zuriya. Cikinsu akwai masaƙa da teloli da dukawa da leburori da barorin gida da ƙananan 'yan kasuwa na garuruwan bakin teku irin su Montrose da Aberdeen. Binciken da aka yi a kan jerin sunayen mayaƙa da na fursunoni ya nuna cewa a lokacin da rundunar ta kai ƙololuwarta, kusan rabinta ko fiye ba daga zuriyoyin tsaunuka suka fito ba. Abin da ya rufe idon masu kallo shi ne tufafi: shugabannin tawayen sun mayar da tufa mai ratsi-ratsi ta mutanen tsaunuka, da shuɗiyar hula mai farin ƙyalle da aka ƙulla a gefe, su zama kamar kakin rundunar baki ɗaya, saboda sun san tsoron da wannan shiga take jefawa a zukatan mutanen kudu. Mutumin Ingila da ya gan su suna wucewa sai ya ɗauka dukkansu daga kan duwatsu suka sauko.

Ta fuskar addini ma haka ruɗanin yake. Gwamnati ta yi ta yayata cewa rundunar 'yan Katolika ce, kuma lalle akwai su, musamman a cikin MacDonald na Clanranald da Glengarry da wasu mutanen ƙasar Gordon, sai dai su ne 'yan tsiraru. Mafi rinjaye 'yan Furotesta ne mabiya cocin Episkofal, waɗanda aka ture daga matsayin cocin ƙasa a 1690 aka ba 'yan Furesbiteriya, kuma limamansu da yawa suka ƙi yin rantsuwar biyayya ga sabon gidan sarauta. Ga mutanen arewa maso gabas, wannan da ƙin haɗewar 1707 su ne manyan dalilai, har ma da yawa daga cikin hafsoshi sun fi damuwa da raba Sikotlan da Ingila fiye da ɗora Yarima a kan gadon Landan. Wannan saɓanin manufa ya fito fili da aka zo shawarar kutsawa Ingila, wadda majalisar yaƙi ta amince da ita da ƙyar.

Kimanin mutum 5,500 ne suka ƙetara iyaka a farkon Nuwamba, 5,000 a ƙasa, 500 a kan dawaki. Yariman ya yi alkawarin cewa dubban magoya baya za su tarye su a Ingila, amma abin da aka samu shi ne bataliya ɗaya a Manchester, mai mutum 200 zuwa 300, a ƙarƙashin Francis Towneley. Sun isa Derby ranar 4 ga Disamba, tazarar kilomita 200 da ɗoriya daga Landan, da runduna biyu ta gwamnati a bayansu, kowacce ta fi su yawa. Lord George Murray da sauran kwamandoji suka duba lissafi suka ce a juya, aka juya ranar 6 ga wata. A ganina, duk gardamar da ake yi har yau a kan ko da sun ci gaba da sun kama Landan tana mancewa da cewa babu inda za a samo madadin kowane mutum ɗaya da ya faɗi a hanya.

Yayin da suke kudu, wata runduna ta biyu tana taruwa a Perth: Fraser da Mackintosh da Farquharson da Mackenzie na Lord Cromartie da mutanen Lord Lewis Gordon. A ƙarshen Nuwamba kuma Lord John Drummond ya sauka a Montrose da sojojin Faransa kimanin 800, waɗanda 'yan asalin Sikotlan ne da Ailan masu aiki a sojan Sarkin Faransa. Kusan su kaɗai ne ƙwararrun sojoji na dindindin a cikin tafiyar, in ban da ɗaiɗaikun hafsoshi irin su John William O'Sullivan, mai kula da tsare-tsare da guzuri. Da rundunonin biyu suka haɗu a wajen Stirling a Janairun 1746, tawayen ya kai iyakar ƙarfinsa, kuma kimanin 8,000 ne suka fuskanci Janar Henry Hawley a Falkirk ranar 17 ga wata suka kore shi. Adadin nan na 12,000 zuwa 14,000 da ake ambata ya fi dacewa da jimillar duk waɗanda suka taɓa ɗaukar makami a kowane lokaci cikin watanni tara na tawayen, ba waɗanda suka taɓa tsayawa a fili ɗaya ba. A ƙasar da ƙidayar 1755 ta nuna tana da mutum miliyan 1.26, wannan ba ƙaramin adadi ba ne, amma bai kai na tawayen 1715 ba.

Tsarin cikin bataliyoyin zuriya ya nuna yadda martaba ta rinjayi buƙatar yaƙi. Yawancinsu ba su wuce mutum 200 zuwa 500 ba, kuma kamfani guda yakan ɗauki kyaftin biyu da laftana biyu da ƙananan hafsoshi biyu, saboda kowane babban ɗan haya yana ganin ya cancanci muƙami, kuma mutanensa ba za su bi wani ba. Albashin kyaftin sule biyu da sisi ne a rana, na dakare sisi, na 'yan sahun gaba kuma sule guda. 'Yan sahun gaban nan su ne masu hali, su ne suke da bindiga da takobi da garkuwa da wuƙa, kuma su ne hoton da duniya ta riƙe na mayaƙin tsaunuka. Waɗanda suke bayansu ba su da wannan kaya. Bayan jiragen Faransa da Sifaniya sun sauke makamai, an ɗinke wannan gibi da bindiga mai wuƙa a baki, irin ta kowane sojan Turai na zamanin. Bayan yaƙin ƙarshe, wato na Culloden, abin da sojan gwamnati suka tsince a fili shi ne bindigogi 2,320 da takubba 190 kacal. Ko da an yi la'akari da cewa wasu takubban sun shige jakar masu tsinta, tazarar ta yi yawa.

Daga Falkirk sai raguwa. Kwana ɗaya bayan nasarar, wani mayaƙi daga wata bataliyar MacDonald ya harbe Aeneas, ɗan shugaban Glengarry, bisa kuskure yana goge bindiga, kuma ko da yake an kashe wanda ya yi harbin, mutanen Glengarry da yawa sun kama hanyar gida. A ƙarshen Janairu shugabannin zuriyoyi suka rubuta wa Yarima cewa gudu ya yi yawa, a ja da baya zuwa arewa, aka kuwa tashi ranar 1 ga Fabrairu. A ƙarshen Maris jirgin da ya ɗauko zinariya ta kimanin fam 13,000 daga Faransa ya faɗa hannun gwamnati a Tongue, albashi ya yanke, aka koma biyan mayaƙa da garin hatsi. Rundunar ta warwatsu wajen kewaye sansanoni da neman abinci, wasu kuma sun tafi shuka. Bataliyar Cromartie ta sha kashi a Littleferry ranar 15 ga Afrilu, mutanen Macpherson na Cluny suna hanya ba su iso ba. A daren wannan rana aka yi tattakin kai wa sansanin Duke na Cumberland, kwamandan sojan gwamnati, farmaki a Nairn, aka juyo ba a kai ba, mutane suka zube da yunwa da gajiya, wasu ba su farka ba sai da igwa ta fara tashi.

Saboda haka kimanin 5,000 ne, ko da ɗan ɗoriya, suka tsaya a Culloden ranar 16 ga Afrilu 1746, a gaban sojan gwamnati wajen 8,000 zuwa 9,000. Bataliyoyin zuriya suna sahun gaba, na yankin fili da sojojin Faransa suna baya. A ɗaya ɓangaren akwai bataliyoyi uku na 'yan Sikotlan a cikin sojan Cumberland, ga kuma mayaƙan Campbell. Cikin ƙasa da sa'a guda an kashe ko an raunata 'yan tawaye 1,500 zuwa 2,000, gwamnati kuwa ta rasa kimanin 50 a fili. Bataliyar Appin, wadda ba ta wuce mutum 300 ba, ta rasa 92. Wajen 1,500 sun sake taruwa a Ruthven bayan kwana biyu, saƙon Yarima ya iso cewa kowa ya nemi mafita.

An kama fursunoni kusan 3,500. An kashe 120, an kwashe sama da 900 zuwa yankunan mallakar Birtaniya a Amurka da tsibiran Karibiyan, ɗaruruwa sun mutu a kurkuku da cikin jiragen da aka tsare su, kuma a tsakanin talakawa ƙuri'a aka riƙa jefawa, mutum ɗaya cikin 20 ya je gaban alƙali. Sojojin da suke da takardar aikin Faransa an ɗauke su fursunonin yaƙi aka mayar da su. Majalisa ta soke ikon shari'a na gado da manyan masu ƙasa suke da shi, ta haramta riƙe makami da sanya tufafin tsaunuka, haramcin da ba a ɗage na tufafin ba sai 1782. Hanyar tara mayaƙa ta hannun shugaba da manyan 'yan haya kuwa gwamnati ba ta yar da ita ba, karɓe ta ta yi. A 1757 Simon Fraser, ɗan Lord Lovat, wanda ya jagoranci mutanen mahaifinsa a tawayen, ya tara bataliya mai mutum sama da 1,000 daga ƙasar Fraser da maƙwabtanta domin Sarki George, kuma a 1759 suna cikin sojan da suka ƙwace Quebec daga hannun Faransa.